Yadda mai aikin agajin gaggawa zai gyara barcinsa ya huce gajiya

Duk wanda aikinsa shi ne a kira shi da tsakar dare ya zabura ya fita, ko ɗan kwana-kwana ne ko ɗan sanda ko direban ambulan ko nas a sashen gaggawa, ya san wannan matsalar. Ka dawo gida da safe a gajiye liƙis, ka kwanta, ido ya ce bai san zancen ba. Ko kuma barcin ya ɗauke ka awa uku kacal ka farka da rana tsaka kai na sara maka, baka ƙoshi ba kuma ya ƙi dawowa, ga shi anjima kaɗan zaka sake saka yunifom. Shawarar da ake ba sauran jama'a ta cewa a kwanta ƙarfe goma kullum a tashi ƙarfe shida bata da wani amfani a wajen wanda ƙararrawa ce ke yanke masa lokacin tashi. Shi ya sa mai wannan aikin dole ya tsara barcinsa a kan jadawalin diyuti tun kafin ya shiga, in ya tsaya jira sai barcin ya zo da kansa toh zai daɗe yana jira.

Abu biyu ne ke juya barci a jikin mutum, in ka gane su sauran bayanin duk mai sauƙi ne. Na farko wani sinadari ne da ake kira adenosin, tun daga lokacin da ka farka yake taruwa a ƙwaƙwalwa, iya daɗewarka ido biyu iya nauyin da yake maka, kuma barci ne kaɗai ke kwashe shi. Na biyu agogon jiki ne, yana can cikin ƙwaƙwalwa yana bin haske da duhu, in duhu ya yi sai ƙwaƙwalwa ta saki melatonin, wato sinadarin da ke shirya jiki ya yi barci, jiki ya fara sanyi, wajen ƙarfe 3 zuwa 5 na asuba zafin jiki ya kai ƙarshen sauka, nan ne ido ya fi nauyi kuma kuskure ya fi yawa. In gari ya waye kuma agogon ya fara tashinka ko kana so ko baka so. Kaga wanda ya tashi daga aikin dare adenosin ya cika masa kai amma agogo na cewa rana ta yi a tashi, wannan ja-in-jar ce ke sa barcin rana ya zama gajere kuma mara nauyi.

Mataki na farko, ka san bashin da ake binka

Ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wajen rubutu a waya, sati biyu cur kana rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka tashi, sau nawa aka tashe ka, da kuma ƙarfe nawa ka sha kofi na ƙarshe. Har ɗan gyangyaɗin da ka yi a kujera ka saka. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a cikin awa 24, kuma ga mai aikin shif ba dole sai a jere ba, in ka haɗa biyar da safe da biyu da yamma duk lissafi ne.

Dalilin da yasa nake cewa a rubuta kar a yi ƙiyasi da ka, mai gajiya bai iya auna gajiyarsa ba. A 2003 an yi wani bincike a Jami'ar Pennsylvania a Amurka, aka tsare mutane a kan barcin awa 6 kullum har kwana 14, da aka gwada saurin hankalinsu sai aka ga ya faɗi ya kai na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba, amma su da bakinsu cewa suke ɗan barci-barci kawai suke ji. Toh wannan "ai ni na saba" da ake yawan ji a bakin tsofaffin hannu, jin gajiyar ne aka saba da shi, hankalin kuwa yana nan yana raguwa.

Na biyu, kafin ka shiga diyutin dare

Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar farko. Mutum ya tashi ƙarfe shida na safe ya yi ta zirga-zirgarsa har yamma sannan ya wuce aiki, kafin gari ya waye ya yi awa 24 ido biyu. Masu bincike a Ostareliya sun gwada wannan tun 1997, suka ga wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba hankalinsa daidai yake da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, in ya kai awa 24 kuma ya zama kamar 0.10, wanda ya wuce abin da doka ta yarda a yi tuƙi da shi a kusan ko'ina. Kuma wannan mutumin ne zai ja mota da jiniya ko ya auna wa mara lafiya allura.

Maganin shi ne ranar da zaka fara dare kar ka saka alam da safe, ka bar jiki ya tashi da kansa, sannan bayan tsakar rana tsakanin ƙarfe 2 zuwa 5 ka kwanta na minti 90. A lokacin nan dama jiki na ɗan yin sanyi da kansa, barcin bai cika wahalar zuwa ba. Minti 90 ɗin kuma saboda kusan tsawon zagaye ɗaya ne na barci, daga mara nauyi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki, in ka tashi a ƙarshensa magagi bai cika kama ka ba. In barcin ya ƙi zuwa kar ka tada hankalinka, kwanciya a duhu ido rufe ma ta fi babu.

Na uku, cikin diyutin kansa

Bari mu fara da kofi don nan ne aka fi ɓata lissafi. Kafeyin da ke cikin kofi da baƙin shayi da lemon ƙara kuzari baya cire adenosin ɗin nan, toshe masa hanya kawai yake yi na ɗan lokaci, yana gushewa duk abin da ya taru ya sauko maka gaba ɗaya. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. An gwada a 2013, mutanen da suka sha miligiram 400 awa 6 kafin kwanciya sun rasa sama da awa ɗaya na barci. Saboda haka in ƙarfe 8 na safe zaka kwanta, kofinka na ƙarshe kar ya wuce ƙarfe 2 na dare, ni a ganina ma ƙarfe 1 ya fi. Ka sha kaɗan-kaɗan a farkon dare maimakon ka ɗirka babban kofi da asuba lokacin da ido ya fara rufewa. A yini gaba ɗaya kar a wuce miligiram 400, wato kamar kofi huɗu madaidaita, kuma lemon gwangwanin nan a riƙa duba jikinsa don wasu gwangwani ɗaya ya cinye rabin kason. Mai juna biyu da mai hawan jini ko bugun zuciya nasu ƙasa da haka ne, su tambayi likita.

Haske ma kayan aiki ne. Farkon dare ka zauna inda fitila ke da ƙarfi, yana hana melatonin fita ya riƙe ka a farke. In an doshi asuba kuma ba aiki a hannu sai a rage.

Abinci mai nauyi a ci kafin a shiga ko a farkon dare. Tsakanin sha biyu da shida ciki baya narka abu yadda ya kamata, ɗan abu mara maiƙo ya isa, da ruwa.

Sai ɗan runtsawa a wajen aiki, in dokar wajenku ta yarda. Wasu ogannin har yanzu kallon lalaci suke wa wannan, alhali hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada shi a kan matuƙan jirgin sama tun shekarun 1990, aka ba su damar hutun minti 40 a tafiya mai nisa, suka samu barcin kusan minti 26, kuma aka ga sun fi waɗanda basu runtsa ba natsuwa a lokacin sauka. Ƙa'idar ita ce ko dai gajere, minti 15 zuwa 20, ko kuma cikakke na minti 90 in dare ya yi shiru. Na tsakiyar nan, minti 40 zuwa awa ɗaya, shi ne mai jefa mutum cikin barci mai nauyi, a tashe ka ka rasa gabas ka rasa yamma. Wannan magagin yana iya kai minti 15 zuwa 30 kafin ya sake ka, shi ya sa in da hali a riƙa yin karɓa-karɓa, kuma wanda aka tasa yanzu-yanzu kar ya zama shi ne a kan sitiyari in akwai wanda yake a farke. Akwai dabarar shan kofi sannan a kwanta nan take na minti 20, kana tashi kafeyin na fara aiki, tana yi sosai amma a farkon dare kawai, kar ka karya dokar ƙarfe biyun can.

Bayan an dawo daga kira kuma fa? Ƙararrawa na bugawa adrenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, ke zuba a jini, zuciya ta hau gudu tun kafin ka saka takalmi, kuma baya sauka don kawai an ajiye mota. Kar ka faɗa gado kai tsaye kana tsammanin barci. Ka cire kaya, in gobara aka je a yi wanka da wuri dama don wanke toka da hayaƙin da ya manne a fata, ka rubuta rahoton da ya kamata ko ka ɗan zayyana abin da zaka ƙarasa gobe don kar ya yi ta yawo a kai, sannan ka zauna minti biyar kana jan numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, kana sakinsa a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Waya kuma a ajiye ta, wallahi wanda ya ce bari in ɗan duba minti biyu kowa ya san ƙarshen labarin.

Na huɗu, hanyar komawa gida

A nan ne mutum ya gama ceton wasu ya zo ya jefa kansa. A wani bincike da aka wallafa a 2011 kan 'yan sanda kusan 5,000 a Amurka da Kanada, kusan ɗaya cikin huɗu sun ce barci na ɗaukarsu a kan tuƙi aƙalla sau ɗaya ko biyu a wata. Irin barcin nan na daƙiƙa uku ko huɗu ne, kai kanka baka san ka yi ba, amma mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin sama da mita 100 a daƙiƙa huɗu, tsawon filin ƙwallo kenan ba direba.

Alamominsa: hamma ba ƙaƙƙautawa, ido na lumshewa, ka tsinci kanka ka wuce kwana ko ka kasa tuna yadda ka wuce wani waje. Sauke gilashi da ƙure rediyo da marin fuska duk na minti kaɗan ne. In ka ji haka tun kafin ka fito, kwanta a ofis minti 20 tukun. In a hanya ne faka a wuri mai aminci ka kulle ƙofa ka runtsa. In akwai mai ɗaukarka ko motar haya ya fi, masu babur kuma abin ya fi tsanani a kansu don babu abin da zai tare su.

Baƙin tabarau da safe yana taimakawa don hasken rana kar ya ce wa agogon jiki gari ya waye, sai dai in kai ke tuƙi kuma kana jin barci toh bar tabarau a aljihu, isa gida lafiya shi ne gaba.

Na biyar, barcin rana

Kana isa gida ka nufi gado, kar ka ce bari in biya nan in biya can, duk awa ɗaya da ka ƙara agogon jiki na ƙara ƙarfi, kuma wajen tsakar rana zai tashe ka ko ƙarfe nawa ka kwanta. Ka ɗan ci abu mara nauyi don kar yunwa ta tashe ka, ka watsa ruwa mai ɗumi, ka rage shan ruwa da yawa dab da kwanciya saboda fitsari.

Ɗakin ya yi duhu sosai, duhun da in ka ɗaga hannu da ƙyar zaka gan shi. Labule mai kauri, ko a rufe tagar da kwali ko bargo, ko abin rufe ido na yadi. Ya yi sanyi gwargwadon hali, ana cewa wajen digiri 18 zuwa 20 ya fi, in babu esi fanka ma ta yi kuma ƙararta na danne hayaniyar waje. Abin toshe kunne na soso yana aiki. Wayarka ka saita ta yadda lambar ofis da ta mutum ɗaya ko biyu na gida ne kawai za su iya shigowa.

Amma gaskiya duk wannan ba zai yi ba in mutanen gida basu shigo ciki ba. Mai barci da rana kallon mai zaman banza ake masa, a buga ƙofa a ce ana sallama, a turo yaro ya tambayi makulli. Ka zaunar da iyali ka yi musu bayani cewa ƙarfe 9 na safenka daidai yake da sha biyun darensu, ka manna jadawalin diyutinka inda kowa zai gani, a san daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a tashinka sai in abu ne na rai da mutuwa. Ke kuma 'yar uwa da ke dawowa daga dare ki tarar da aikin gida da yara na jiranki, wannan maganar ta fi zama dole a kanki, a raba aikin tun kafin satin daren ya zo, kar ki bari sai kin dawo ido jajur sannan a fara tattaunawa.

In ka farka bayan awa huɗu ya ƙi komawa, kar ka yi ta juyi kana kallon agogo kana lissafin saura awa nawa. Bayan kamar minti 20 ka tashi ka yi harkarka, da yamma kafin diyuti ka ciko sauran. Barasa kuwa tana sa barci ya zo da wuri amma tana yanka shi gunduwa-gunduwa a rabin ƙarshe, tana danne barcin mafarki, tana ƙara minshari. Sigari ma tana hana barci. Ƙwayoyin barci da maganin mura mai sa maye da ake saye ba takardar likita, banda sabo da suke sawa, suna barin mutum da magagi har cikin diyuti na gaba. Melatonin na ƙwaya yana ɗan taimaka wa wasu a barcin rana, shi ma a tambayi likita ko mai ilimin magunguna lokacin sha da adadi.

Na shida, ranakun hutu

Ranar da ka gama daren ƙarshe kar ka kwashe yini kana barci, in ka yi haka da dare zaka zauna ido biyu. Ka yi awa uku zuwa huɗu ka tashi kafin ko dab da tsakar rana, ka fita cikin haske, ka ɗan motsa jiki ko tafiya ce ta minti 30, ka daure har dare ka kwanta da wuri. Masu shif na awa 24 da aka tasa sau biyu ko uku cikin dare su ma haka, awa ɗaya da rabi zuwa biyu da safe ya isa. Wanda kuma dare yake yi dindindin, gara ya riƙe wasu awa huɗu da kullum yake barci a cikinsu ko da aiki ko babu, misali in ƙarfe 8 na safe ya saba kwanciya, ranar hutu ma ya yi barci daga 8 zuwa 12 na rana, don agogon ya samu abin kamawa. Kuma bashin sati guda dare ɗaya baya biyansa, sai an jera biyu ko uku masu kyau. Masu cika ranar hutu da obataim ko aiki na biyu, na san buƙata ce ta sa, amma a bar ko da dare biyu a jere.

Na bakwai, in abin ya wuce gyaran gida

Akwai kiran da in aka je shi yake biyo mutum gida, hatsarin da ya haɗa da yara, gawar da ta ƙi fita daga ido, abokin aiki da aka rasa. Rashin barci da munanan mafarkai da firgita a kwanakin farko ba alamar rauni ba ce, kuma ga yawancin mutane yana lafawa cikin 'yan makonni. Abin da ke taimakawa a lokacin shi ne kar ka keɓe kanka, ka yi magana da wanda ka yarda da shi lokacin da kai ka shirya, ka riƙe lokutan cin abinci da kwanciyarka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013 ta ce kar a ba mutum ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam don rashin barci a watan farko bayan irin wannan tashin hankali. In an wuce wata guda mafarkin na nan, kana gudun kwanciya, kana kauce wa wasu wurare, ko fushi ya yi yawa a gida, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, akwai magani. In kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, a ranar zaka faɗa wa wani kuma ka nemi likita.

Sai minshari. A 2015 an tantance 'yan kwana-kwana kusan 7,000 a Amurka, kashi 37 cikin ɗari suka nuna alamar wata cutar barci, mafi yawanta ɗaukewar numfashi ce a cikin barci, kuma sama da kashi 80 na waɗannan basu taɓa sanin suna da ita ba. Maƙogwaro ne ke rufewa numfashi ya tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, mutum ya shaƙe ya zabura ya koma, sau da yawa a awa ɗaya, shi bai sani ba. Tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. In ana cewa minsharinka na da ƙarfi kuma kana yin shiru sannan ka ja da ƙarfi, kana tashi da ciwon kai da bushewar baki, ga hawan jini ko ƙiba ko kaurin wuya, toh duk labulen duniya ba zai gyara maka barci ba sai an yi gwaji. Ana maganinta da na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, da rage nauyi, kuma barinta haka na ƙara haɗarin ciwon zuciya, wanda dama shi ne kan gaba wajen kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki a Amurka. Wanda kuma barci ke gagararsa dare uku a sati har wata uku ko a lokacin hutu, ya tambayi maganin da ake kira CBT-I, horo ne na gyara ɗabi'ar barci ba ƙwaya, shi likitoci ke sawa a gaba.

Sauran kuma yana hannun masu tsara jadawali. A 2018 an fitar da ƙa'idoji a Amurka don ma'aikatan ambulan, ciki har da cewa shif ya kasance ƙasa da awa 24, a ba ma'aikata damar runtsawa a bakin aiki, a samar musu da kafeyin, a kuma koyar da su haɗarin gajiya. In zaku je wajen oga ku je a ƙungiyance da littafin nan na sati biyu a hannu, ku nemi abu ƙanana da za a iya yi gobe: ɗaki mai duhu na hutawa, juyin shif da ke tafiya gaba daga safe zuwa yamma zuwa dare, aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa, da kuma ƙararrawar da zata tashi waɗanda kiran ya shafa kawai maimakon duk ginin.